Gwaggo, Wadda Ta Tsayar da Mai In'ina a Gaban Alƙalai

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran babbar lauyar nan da dukkanmu muke kira Gwaggo, a gadon asibiti, bayan jinyar da ta yi watanni tana yi ba tare da ta bari an yayata ba. Aro Ya ba mu, Ya kuma karɓi abinSa, mu ma da muka rage kan hanyar muke. Tun daga ranar manyan alƙalai da tsofaffin lauyoyi suke ta faɗin alherinta, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni ba na cikin manya. Ɗaya ne ni daga cikin yaran da suka koyi aiki a ofishinta, kuma da za a jera mu, ni ne wanda kowa zai nuna ya ce bai dace da wannan sana'a ba, domin ni mai in'ina ne. Shi ya sa na zaɓi in rubuta. A rubuce ba na maƙalewa, Gwaggo, don haka yau za ki ji ni tiryan-tiryan.

Sunan nan ma a ofis ya samo asali. Ɗan yayanki ne farkon wanda ya koyi aiki a hannunki, shi ke kiran ki Gwaggo, sai duk wanda ya zo bayansa ya ɗauka. Har ta kai wani alƙali ya taɓa mantuwa ana tsakiyar zama ya ce, “Gwaggo, kina da tambaya?” Kotu ta kwashe da dariya. Ke kuwa ko murmushi ba ki yi ba, kika miƙe kika ce kina da ita.

Da in'ina na tashi. A firamare, in malami ya zo kaina wajen karatu sai ya tsallake ni don kada lokaci ya ƙure. A gida 'yan'uwana sun saba ƙarasa mini magana tun ban kai rabi ba, wani lokaci su dace, wani lokaci su ƙarasa mini abin da ban nufa ba, ni kuma in gyaɗa kai don dai a wuce wurin. Wataƙila abin da ya ja ni zuwa shari'a ke nan, domin na san yadda mutum yake ji in gaskiya tana cikinsa ta ƙi fita. Ranar da na gaya wa mahaifina abin da nake so in karanta, yana tsakiyar yanka katako, domin kafinta ne. Ya ajiye zarto, ya share zufa, ya dube ni tun daga sama har ƙasa. “Ɗan nan,” ya ce, “duk sana'o'in duniya ka rasa wadda za ka zaɓa sai ta baki?” Ba da mugunta ya faɗa ba, tausayi ne. Da ya ga na kafe, ya sa mini albarka ya koma kan katakonsa.

A jami'a karatun bai ba ni wuya ba. Dokar kwangila, dokar filaye, dokar laifuka, dokar shaida, tsarin mulki, duk na haɗiye su, kuma a jarrabawar rubutu ba kasafai ake shan gabana ba. Matsalar tana kotun gwaji, wato inda ake shirya zaure kamar kotu, ɗalibai su zama lauyoyi, malami ya zama alƙali. Abokaina suna rububin in shiga ƙungiyarsu, amma don in yi musu bincike in rubuta musu hujjoji. Ranar gasa su sa kwat su miƙe su faɗi abin da na rubuta, a tafa musu, ni ina baya rungume da littattafai. Wani malaminmu mai kirki ya kira ni ofishinsa ya ba ni shawara tsakani da Allah. Ya ce lauyoyi iri-iri ne, akwai masu rubuta yarjejeniya a kamfanoni, akwai masu ba ma'aikatu shawara, ba dole sai an shiga kotu ba. Na yi masa godiya, na fito na zagaya bayan ɗakin karatu na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro.

Bayan digiri sai makarantar horar da lauyoyi, inda ake koya wa mutum abin da jami'a ba ta koya masa ba: yadda ake shigar da ƙara, yadda ake tsara takardun kotu, ladubban sana'a, har da yadda ake sa tufafi. A tsakiyar karatun akan tura kowane ɗalibi kotu ya zauna ya ga yadda ake yi, sannan a tura shi ofishin wani lauya ya taɓa aikin da hannunsa. Manyan ofisoshi masu na'urar sanyi da kujeru masu juyawa suka kwashe masu zaƙin baki. Ni aka tura ni wurinki. Da abokaina suka ji, sai suka shiga yi mini jaje, wai matar nan ba ta da wasa, ta taɓa sa ɗan wani babban mutum kuka, ina ga ni.

Ofishin yana saman wani kantin magani, ana hawa ta wata siririyar matakala wadda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya manne da bango. A baranda akwai dogon bencin masu jira, kullum a cike. A ciki an jera littattafan hukunce-hukunce har rufi, fanka tana juyawa tana ƙara, ke kuma kina zaune da tabarau a ƙarshen hanci, kina zuba sukari a shayin da likita ya ce ki daina zuba wa sukari. Kika tambaye ni sunana. Na buɗe baki, harafin farko ya maƙale. Zufa ta keto mini. Akawun ofis, da yake ya riga ya ga takardata, ya yi niyyar taimako ya faɗi sunan. Kika juya kika dube shi ta saman tabarau. “Bakinka na tambaya ko nasa?” Ya koma kan aikinsa. Kika dawo da idonki kaina. Ba ki kau da kai ba, ba ki shiga duba takardu don ki rage mini kunya ba, jira kawai kika yi har sunan ya fito. A iya sanina ke ce kika fara jira na har ƙarshen magana.

Sannan kika ce, “Wane irin lauya kake so ka zama?” Na ce na kotu. Na ɗauka irin nasihar malamina zan sake ji. Sai kika kurɓi shayi kika ce, “To, za ka sha wuya, mu ma za mu sha tare da kai. Ajiye jakarka.”

Duk wanda ya bi ta hannunki ya san abin da muke kira kotun safe. Kafin a ɗauki kowane fayil a tafi kotu, sai a jawo wata kujerar katako tsakiyar ofis, ɗalibi ya tsaya a bayanta ya dafa, ya kare ɓangaren abokan hamayyarmu, ya yi iya ƙoƙarinsa ya rusa shari'ar wanda muke karewa. Ke ce alƙali. In ya kawo hujja mai rauni don ya faranta miki, sai ki ce, “Da lauyansu rago ne haka da mun huta. Sake.” Dalilinki shi ne gara mutum ya ji mafi zafin hujjar abokin hamayya a ofis, inda akwai damar gyara, da ya fara jin ta a gaban alƙali. Sauran ɗalibai bi da bi suke tsayawa. Ni kuwa kullum ne. Ko wani ya yi nasa ya gama sai ki ce, “Saura kai.” A makonnin farko na tabbata tsana ta kika yi, har na fara tunanin neman a canja mini ofis.

Ashe saurare kike yi. Wata safiya kika tsayar da ni kika ce kin gano ni. Ba ko'ina nake maƙalewa ba, sai in na ɗauko doguwar jimla ina so in kai ƙarshenta da gudu kafin in'inar ta cim mini. Daga ranar kika laƙaba mini Mai Sauri, sunan da ya bi ni har yau, har matata in ta so tsokana da shi take kira na. Kika hana ni manyan kalmomin da na kwaso a jami'a. Kika ce tambaya ɗaya, magana ɗaya, sannan in ja numfashi. Kika tura ni kotu da umarnin kada in kalli lauyoyi, hannun alƙali zan kalla. Na je na zauna, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Alƙali da hannunsa yake rubuta abin da ake faɗa, kuma in lauya ya ɓalle da zuba kamar famfo, sai ya ajiye biro ya jingina yana kallon sa. Da na dawo na gaya miki, kika ce, “To ka gani. Wancan rabin maganarsa iska ta kwashe. Kai kuwa duk abin da ka faɗa sai ya shiga takarda, tunda ko ka so ba ka iya tsere wa biro.” Ranar na fara yi wa in'inata dariya.

Ba ni kaɗai kika yi wa ba, kuma ba magana kaɗai kike koyarwa ba. Takardar da mutum ya sha wahalar tsarawa sai ta dawo masa jajir da jan biro, har waƙafi ba ya tsira. Duk ɗalibin da ya taɓa fayil ɗin wanda ke tsare, sai ya je gidan yari da ƙafarsa ya zauna da mutumin, ya bayyana masa abin da aka yi a kotu da harshen da zai gane, ko labarin mai daɗi ne ko marar daɗi. Kin hana mu yi wa kowa alkawarin nasara, kin hana mu koya wa shaida abin da zai faɗa. Wata abokiyar karatunmu ta haihu ana dab da jarrabawar ƙarshe, ta yanke shawarar ta haƙura sai baɗi. Kika aika aka zo da ita, kika karɓi jaririn kika ɗora a kafaɗa, kina jijjiga shi kina yi wa uwar tambayoyin dokar shaida, kullum haka har ta shiga jarrabawa. Yau alƙaliya ce. Yabo ne dai ba ki iya ba, Gwaggo, wannan kam sai an faɗa. Mafi girman abin da mutum zai samu a bakinki shi ne “ba laifi”, kuma wanda ya samu sai ya wuni yana ba mutane labari.

Na ci jarrabawa. Ranar da aka rantsar da mu na kasa ɗaura farin ƙyallen wuya, ke kika ɗaura mini a bakin zaure, kina faɗa wai na sa hular gashin lauyoyi a karkace kamar wanda aka koro. Mahaifina ya zo cikin rigarsa mafi kyau, ya rusuna zai gaishe ki kika hana shi. Ya ce, “Ranki ya daɗe, ni dai tsorona kada a yi masa dariya a gaban mutane.” Kika ce, “Za a yi masa, Malam. Ni ma an yi mini, lokacin da na fara ba mace ko ɗaya a layin lauyoyi. Ana dariyar, alƙali kuwa yana rubutu. Bar mini shi.” Haka na koma ofishinki a matsayin ƙaramin lauya.

An kuwa yi dariyar. Shari'ar farko da kika bar ni na yi wa shaida tambayoyi ta wani dattijo ce, mai gadi, da ake tuhuma da kwashe kaya daga siton da yake gadi. Manajan siton ya rantse cewa mabuɗi ɗaya ne tak, kuma a hannun mai gadi yake. Muna zaune kika zungure ni da gwiwar hannu kika ce, “Tashi, naka ne.” Ba ki gaya mini tun a ofis ba, don kin san da na sani da na nemi hanyar zillewa. Na miƙe, na yi 'yan tambayoyi lafiya, sai na zo kan wata kalma ta tsaya cak. Na ja, ta ƙi. Na ji ana ƙyalƙyala dariya a baya, lauyan gwamnati ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na saci kallon ki ko za ki miƙe ki karɓe ni. Ko ɗago kai ba ki yi ba, kofin ruwa kawai kika turo gabana.

Shirun ya yi tsawo har ya ishi kowa, amma wanda ya fi isa shi ne manajan. Ya gyara tsayuwa, ya duba agogo, can ya ce, “In mabuɗin da ke wurin ƙanena kake son tambaya, ai wannan ya daɗe da ɓata.” Ba wanda ya taɓa ambaton wani mabuɗi a wurin ƙanensa. Ni kaina tambayar da ta maƙale mini a kan fitilar ƙofa ce. Alƙali ya sunkuya ya rubuta. Kika ce da ni ƙasa-ƙasa, “Bi shi.” Na bi shi a hankali, tambaya ɗaya magana ɗaya, har ya rasa inda zai sa kansa, kuma a kan wannan aka zo aka sallami mai gadi. A mota muna dawowa ina ta washe baki, ina jiran “ba laifi” ɗina, sai kika ce, “Kada ka ɗauka wayonka ne. Allah ne Ya dubi tsohon nan. Kuma ranar da na ji ka maƙale da gangan don shaida ya yi suɓutar baki, ranar za ka kwashe kayanka daga ofishina.” Sannan kika ƙara da cewa tambayoyina na farko sun yi tsawo.

Shekaru suka tafi. Na yi aure, na haihu, furfura ta fara leƙowa, na zama babba a ofis, har in ba kya nan ni ke zama alƙalin kotun safe. Ƙananan kotuna sun saba da ni, alƙalai sun san in na miƙe sai a gyara zama. Amma akwai wurin da ban taɓa buɗe baki ba, wato kotun ɗaukaka ƙara. Can babu shaidu, babu gajerun tambayoyin da zan fake a bayansu. Lauya ne zai tsaya shi kaɗai a gaban alƙalai uku ya yi dogon bayani, su kuma su yi ta katse shi da tambayoyi ta inda bai zata ba. Don haka muka raba aiki ba tare da mun taɓa faɗa da baki ba, ni in rubuta, ke ki miƙe. Lokaci-lokaci kikan ce, “Mai Sauri, ba fa zan dawwama ba,” ni kuma in ce Allah Ya ƙara miki lafiya, in canja magana. A raina na san muddin ban tsaya a can ba rabin lauya ne ni, kuma shawarar malamina na jami'a tana nan tana jira na.

Sai ga shari'ar wata ma'aikaciyar jinya. Majiyyaci ya mutu bayan ta yi masa allura, aka ce sakacinta ne, aka ɗaure ta, ta bar 'ya'ya ƙanana a hannun tsohuwar uwarta. Da kika karanta fayil ɗin kika ga kotun farko ta ƙi sauraron likitan da ya ba da umarnin allurar, ranki ya ɓaci ƙwarai, kika ce sai mun ɗaukaka ƙara. Na rubuta hujjojin kamar kullum. Kafin ranar sauraro ta zo, ciwo ya kwantar da ke.

Ana gobe za a shiga kotu na je asibiti da la'asar. Kin rame har na kasa haɗa ido da ke, ga robar ƙarin ruwa a hannu, amma tabarau yana nan a ƙarshen hanci. Na ce zan nemi a ɗage shari'ar har ki samu sauƙi, ba kotun da za ta ƙi. Kika yi mini irin kallon nan naki. “Har in samu sauƙi? Mai Sauri, yaushe muka fara yi wa juna ƙarya? In aka ɗage sai bayan watanni. A ina yarinyar nan za ta yi ta kwana kafin nan, a ɗakinka?” Na ce tsoro nake ji kada in maƙale in jawo mata. Kika ce, “Za ka maƙale mana. Su jira. Ita ma jiran take yi.” Sannan kika nuna kujerar masu dubiya kika ce in jawo ta. Na tsaya a bayanta na fara kare ɓangaren gwamnati yadda muka saba, kika ɗaga hannu. “A'a. Yau namu nake so in ji.” Na yi bayanin tun daga farko har ƙarshe, kina katse ni da tambayoyi da muryar da sai na matso nake ji. Autarki tana gefe tana roƙon ki huta, kika yi biris da ita. Da na gama kika rufe ido kika ce, “Rage sauri. Je ka.” Na so in tsaya in yi miki godiya, na ga in na fara ba zan iya gamawa ba, sai na fita.

Washegari na kashe waya a ƙofar kotu, na shiga na zauna, kujerar da ke gefena ba kowa. Aka kira shari'ar. Na miƙe na ce, “Ya masu girma masu shari'a,” sai maganar ta tsaya nan. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Ina jin wani yana tari a baya, ina ganin ma'aikaciyar jinyar tsakanin gandurobobi ta dafe ƙirji. Alƙalin tsakiya ya ɗago ya dube ni, biro a hannu. Na ja numfashi, na watsar da doguwar jimlar da na haddace, na ce, “An ɗaure matar nan ba a ji ta bakin likitan ba.” Na ga kawuna uku sun sunkuya kan takarda. Daga nan na ci gaba guntu-guntu. Sun yi mini tambayoyi masu zafi, wasu daga ciki kin riga kin yi mini su a gadon asibiti. Na maƙale ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, rigata ta jiƙe sharkaf, amma ban zauna ba sai da na faɗi duk abin da na zo da shi. Alƙalan suka shiga ciki suka fito, suka ce cikakken hukunci sai nan gaba, amma a ba matar beli ta koma wurin 'ya'yanta tun daga ranar.

Na fito ina lalubar waya in kira asibiti, sai na ga autarki tsaye a baranda, idonta jajir. Tun kafin ta yi magana na gane. Ta ce kin cika da hantsi. Ta ce da sassafe kin tara su kin yi musu sallama, sannan kika ce, “Mai Sauri yana kotu yau. Ko me ya faru, kada wanda ya kira shi, kada wanda ya aika masa. Ke ki je da kanki, in kin tarar yana tsaye ki nemi wuri ki zauna har ya gama.” Ta share ido ta ce, “Yaya, na shigo kana tsakiyar magana, na zauna a bencin baya. Wallahi duk inda ka maƙale sai in ji kamar in yi ihu, amma ta ce in jira.” Yarinyar nan, uwarta tana kwance ko sutura ba a yi mata ba, ta zauna tana sauraron mai in'ina yana jan magana har ya kai ƙarshe, saboda kin ce. Na zauna a kan matakalar kotu da baƙar rigata na yi kuka, lauyoyi suna wucewa suna ratse ni. Ban samu na gaya miki ba, Gwaggo, shi ya sa nake rubutawa. Na tsaya, kuma ma'aikaciyar jinyar ta kwana a gida. Na gode. Allah Ya saka miki da alheri.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, Baba, wanda ya yi haƙuri da mu shekara da shekaru muna cinye masa lokacin matarsa. Ina miƙa ta ga 'ya'yanki da jikokinki, musamman auta, wadda ba ni da bakin gode mata, da 'yan'uwanki, da akawunmu da ya tsufa a bakin ƙofarki, da duk wanda ya taɓa koyon aiki a hannunki, alƙalai da lauyoyi da malaman jami'a, duk inda suke. Ku yi haƙuri, iyalin Gwaggo, ba ku kaɗai kuka zama marayu ba.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Zafin da ta yi mana don mu gyaru ta yi, mun yafe, Kai ma Ka yafe mata. Duk wanda ya fita daga kurkuku ta dalilinta, duk ɗalibin da ta tsayar da ƙafafunsa, Ka sa a mizaninta. Ka ba iyalinta haƙurin rashinta, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Ya Allah, ta ƙare rayuwarta tana tsaya wa bayinKa a gaban alƙalai, yanzu ita ce a wurin tambaya, ba lauya, ba mai tsaya mata sai rahamarKa. Ka tabbatar da harshenta, Ka sauƙaƙa mata amsa. Wannan roƙo daga bakin mai in'ina ne, ya Ubangiji, Kai kuwa Kana jin magana tun ba ta fito ba. Amin.